Antin Ƙanƙara

Ƙanwata ta riga ni komai in ban da zuwa duniya. Ta riga ni iya tuƙa tuwo, ta riga ni aure, ta riga ni haihuwa, kuma 'yar da na haifa da cikina ita ta fara kira Mama. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya gyara zama yana zaton labarin haƙuri zan ba shi. Ni ba mai haƙuri ba ce, duk unguwarmu a Faskari an shaide ni. Kishin ƙanwata nake yi, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma na daɗe ina yin sa.

Ina kwalejin horon malamai aka yi mata aure da wani mai sayar da masara a Sabuwa, bare, ba mu haɗa komai da shi ba. Ni kuwa da na gama na samu koyarwa a firamare, sai aka haɗa ni da ɗan Goggo, ƙanwar Babanmu da ke aure a Ƙanƙara. Ba dole aka yi mani ba, ina son abina. Tela ne, mai sanyin hali, irin mutanen da sai ka yi magana uku kafin su yi ɗaya.

Kafin ɗaurin aure muka yi gwajin jini kamar kowa, don limamai yanzu ba sa ɗaurawa sai sun ga sakamako. Ni AA, shi AA. Goggo ta rangaɗa guɗa a tsakar gidanmu, ta ce jini ya haɗu da jini, ga shi har likita ya sa albarka. Duk haka muka ɗauka. A wurinmu in an ce AA an gama magana, babu sauran ciwon gado da ya rage a jikin mutum. Ba wanda ya ce mana sikila kaɗai gwajin ke dubawa, mu ma ba mu tambaya ba.

Da cikina ya tsufa aka mai da ni gida Faskari goyon ciki, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Ƙanwata ta zo taya Inna aiki da jaririnta na biyu a baya, wani ƙato mai kumatu, ko zama bai fara ba. A ƙaramin asibitin gari na haihu. Mace ce. Abin da na fara gani ƙafarta ce ta hagu, daga gwiwa zuwa idon sawu ja wur, babu fata. Nas ta sa tsumma ta goge mata ƙirji, sai wurin ya saluɓe ya biyo tsumman. Ta ce wataƙila zafin ciki ne, mu je gida mu riƙa shafa magani.

A gida Inna da tsohuwar unguwarzoman da ta yanke mana cibiya mu duka suka yi mata abin da ake yi wa kowane jariri. Ruwa mai zafi, soso, a murza, a gasa cibiya, a miƙe gaɓoɓi. Kafin azahar jikin yarinya ya tashi da bororo, manya da ƙanana, cike da ruwa. Duk inda yatsa ya danna sai ya bar shaida. In na sa ta a nono ta kama da ƙarfinta, can sai ta saki da ƙara, a duba a ga leɓenta da harshenta sun yi bororo su ma.

Ana gobe suna Goggo ta iso daga Ƙanƙara. Ta buɗe zanen, ta daɗe tana kallon jikarta, sannan ta juyo ta kalli ƙirjina.

“Mi kuke jira?” ta ce da Inna. “Ɗiya ta sha nono baki ya ƙone, ai ba sai an tahi wurin malami ba. A gwada nonon.”

Unguwarzoma ta kawo ludayi, ta ce in tatsa. Na tatsa, kauri gare shi, rawaya-rawaya. Ta fita bakin rumbu ta dawo da tururuwa a tafin hannu, ta jefa a ciki. Ka'idar ita ce in tururuwa ta iyo ta fita, nono lafiya lau. In ta mutu, akwai dafi. Mata sun kewaye ludayin, kai da kai, ba mai ko tari. Ni da na karanta kimiyya har na koyar da ita a aji, ina zaune a kan gadon jego ina roƙon Allah a zuci ya ba wata 'yar tururuwa ƙarfin ƙafa. Ta yi 'yan wutsil-wutsil, ta manne, ta tsaya.

“Kun gani kau,” in ji Goggo. “Nono ne mai zahi. In ta ci gaba da sha, ba ta kai arba'in.”

Inna ta share ido da bakin zane, ta dubi ƙanwata da ke bakin ƙofa tana shayar da nata.

“Ke, aje wannan, amshi ɗiyar yayarki.”

Ta karɓa. Babu damar in hana. 'Yar fari ce. A garinmu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, balle ta buɗe baki ta ce a bar mata shi. Wadda ta yi haka sai an shekara ana ba da labarin rashin kunyarta a gidajen biki. Na juya fuska bango kamar abin bai dame ni ba, mata suna yaba kawaicina, ina jin ƙarar haɗiyar 'yata a ƙirjin wata.

Abin haushi, sai yarinya ta samu sauƙi. Ƙanwata tana fama da tsagewar kan nono a lokacin, tana shafa man kaɗanya kafin ta shayar, sai ta riƙa shafa wa jaririyar ma a leɓe. Santsin ya rage gogar bakin. A makon nan kuma wata nas maƙwabciyarmu ta leƙo barka, ta ga wankan da ake yi, ta ɗaga murya ta ce a daina ruwan zafi, a daina soso, a kwantar da ita a kan abu mai laushi. Aka daina, bororo ya ragu. Ba wanda ya ce man kaɗanya ne, ba wanda ya ce barin soso ne. Kowa ya ce nonon ƙanwata ne mai albarka.

Ni kuwa aka ɗora ni a kan jiƙe-jiƙe na wankin nono, masu ɗaci kamar maɗaci, safe da yamma. Aka ce in ya wanku za a sake gwadawa. Kafin a yi arba'in ya ƙafe ƙaf, ba abin da za a jefa wa tururuwa. Ranar da zan koma ɗakina ita ma ƙanwata ta shirya komawa Sabuwa. Ta goya nata, ta ɗora tawa a kan matashin kai ta rungume a gaba, don ba ta goyuwa, zane yana saluɓe mata baya da cinya. A tasha wata mata ta tambaye ta ko tagwaye ne, ta yi murmushi ba ta ce a'a ba. Ni na shiga motar Ƙanƙara da buhun garin kunu da kwanon man shanu.

Maigidana ya ce in kwantar da hankalina, da an yaye ta za mu ɗauko ta. Aka yaye ta, Goggo ta ce a bari ta yi ƙwari. Ta fara tafiya, Goggo ta ce ai ba nonon kaɗai ba ne, jikin uwar ne gaba ɗaya bai karɓi ɗiyar ba, ko gumina ya taɓa ta sai ya tayar da ciwon. Maganar ta zaga dangi. In na je suna sai in ga mai jego ta lallaɓa ta ja jaririnta can gefe, wai za ta gyara masa kwanciya. Shi kuwa maigidana in uwarsa tana magana sai ya sunkuyar da kai yana cire zare a rigarsa.

Zuwa Sabuwa ba wasa ba ne a shekarun nan. Sai ka fita da safe, ka bi ta Funtuwa da Dandume, kana tafe kana tambayar direbobin da ke dawowa ko hanya lafiya. Da aka katse layukan waya a yankinmu saboda 'yan bindiga, na yi watanni ko muryar 'yata ban ji ba. In na samu hutun makaranta kuma hanya ta yi sauƙi, sai in je in kwana biyu in dawo da ciwon zuciyar da ya fi wanda na tafi da shi.

Don ƙanwata ta iya. Wannan ne abin da ya fi ci mani rai. Da ta yi sakaci ko sau ɗaya da na samu abin kamawa. Kowace safiya sai ta shimfiɗa tsohon zanen atamfa da ya sha wanki har ya yi laushi, ta jiƙa bandejin jiya da ruwa mai ɗumi har ya saki da kansa, ta tsaga kowane sabon bororo da allura mai tsabta don kada ya bazu, ta shafa basilin, ta naɗe. Tana yi tana waƙar banza da ta ƙirƙira, yarinya tana amsawa da hawaye a ido. Riga a juye ake sa mata don ɗinki kada ya goge ta. Ba a ɗaga ta ta hammata, sai dai hannu ɗaya a ƙarƙashin mazaunai, ɗaya a bayan wuya. Ni ina gefe a kan kujera 'yar tsugunno, an ba ni fura a kwanon baƙi.

Tsarabata ma kullum sai ta zama abin kunya. Na kai takalmi mai duwatsu, ba ya sawuwa. Na kai rigar leshi ta sallah, ƙanwata ta shafa cikinta da bayan hannu ta ce, “Yaya, tana da kyau wallahi,” ta ninke ta sa a akwati. Na kai biskit, ashe ba ta iya haɗiye abu mai tauri, maƙogwaronta ma yana yin ciwon. Uban ne ya fi ni dabara, ya riƙa ɗinka mata riguna da ɗinkin a waje yana ba ni in kai. Su take sawa, kuma in an tambaye ta sai ta ce Baban Ƙanƙara ya ɗinka mata. Ni kuma Antin Ƙanƙara. Ba wanda ya koya mata don mugunta, 'ya'yan gidan ta ji suna faɗa. Amma duk sanda ta faɗa sai in ji kamar in tashi in shaƙe ƙanwata, ita kuwa tana can tana tankaɗe, ba ta ma san ina yi ba.

Matan Sabuwa kuma ba su bar ni na huta ba. Kowace ta shigo sai ta ce, “Ke dai kin yi sa'ar 'yar'uwa, wannan Aljanna tata ce.” In ce haka ne, Allah ya saka mata. A raina in ce ita ta samu ɗiya ta samu Aljanna, ni na samu me?

Yarinyar tana cikin shekara ta huɗu yatsun hannunta suka fara mannewa da juna saboda yawan tabo. Wani likita a Funtuwa ya ce wannan ya fi ƙarfinsa, ya tura su wurin likitar fata a babban asibiti a Zariya, ya ce lalle a je da uwa da uba. Karon farko ke nan da wani ya nemi uwa a maganar yarinyar nan. Muka haɗu a tashar Funtuwa, ni da maigidana daga Ƙanƙara, su daga Sabuwa. A mota na gyara cinyata na ɗora gyale mai laushi. Yarinyar ta kalle ni, ta yi mani murmushi, ta hau cinyar Mamanta.

Likitar mace ce, ba ta girme ni sosai ba. Ta duba yarinyar a hankali, ba ta ja komai ba, sannan ta ɗago ta ce, “Wace ce mahaifiyar?”

“Ni ce,” muka faɗa tare.

Ƙanwata ta yi saurin rufe baki. “Ita ce ta haihe ta, likita. Ni riƙo nike.”

Likita ta tambaya ko ni da mijina 'yan'uwa ne, na ce uwarsa da ubana ciki ɗaya suka fito. Na ƙara da cewa amma mun yi gwaji, dukanmu AA ne. Ta ce wancan gwajin sikila yake nema, ba ya ganin wannan. Ta ce fatar mutum hawa biyu ce, akwai wani abu kamar gam da ke riƙe ta sama da ta ƙasa, kuma umarnin yin gam ɗin a cikin ƙwayoyin halitta yake, ɗaya daga uwa, ɗaya daga uba. Wanda ya gaji ɗaya mai kyau ɗaya mai matsala lafiyarsa ƙalau, ba zai taɓa sani ba. Sai in ya haɗu da irinsa, yaro ya ɗauko mai matsalar ta kowane ɓangare, shi ne fata ba ta riƙo.

 Na ce, “Likita, nono fa? Nonon uwa yana kawo shi?”

Ta dube ni da kyau, ina jin ta gane ba tambayar banza ba ce. Ta ce, “Ko kusa. Da shi aka haife ta. Da nonon kowa ta sha haka za ta kasance.”

Na kalli maigidana, yana kallon takalminsa. Na san Goggo, maganar baki ba za ta motsa ta ba, cewa za ta yi likita ta faɗa ne don ta faranta mani. Da likitar ta ce akwai gwajin ƙwayoyin halitta da zai nuna ainihin inda matsalar take, a jikin yarinyar da jikinmu, amma sai an aika jinin ƙasar waje kuma yana ɗaukar watanni, tun ba ta rufe baki ba na miƙa hannu. Aka ɗebi nawa, aka ɗebi na uban. Da aka zo kan yarinyar ƙanwata ta tsaya a kan mai ɗibar jinin, kada ya ɗaure hannun da roba, kada ya manna filasta. Ya bi abin da ta ce. Likita ta ce 'yan'uwan iyaye ma suna iya gwadawa in suna so, saboda 'ya'yansu. Ƙanwata ta naɗe hannun riga ta ce a ɗiba.

Zan faɗi abin da na roƙa a watannin jiran nan, don ban ga amfanin ɓoyewa ba. Na roƙi Allah ya wanke ni. Kuma na so a ce ita ma tana ɗauke da shi. Ba na fatan 'ya'yanta su yi ciwo, Allah ya sani, mijinta bare ne, da wuya abin ya taɓa su. So nake kawai a ce akwai abu ɗaya a duniya da ba ta fi ni ba, mu zauna a layi ɗaya ko sau ɗaya.

Bayan an girbe masara aka kira mu. Likita ta ce an gano wurin. Yarinya ta gaji biyu, ɗaya daga gare ni, ɗaya daga ubanta, iri ɗaya sak, alamar daga kaka ɗaya ya gangaro. Ta ce duk cikin da zan ɗauka da shi, kashi ɗaya cikin huɗu ne yaron zai zo da ciwon, kuma kowane ciki lissafinsa daban, ba wai in an yi ɗaya an huta ba. Maigidana ya cire hula ya riƙe a hannu, ya daɗe bai mayar ba.

“Ni hwa, likita?” in ji ƙanwata.

“Ke ba ki ɗauko ba. Naki duka biyun lafiya.”

Ta ce alhamdu lillahi a hankali, ta kamo hannuna ta matse, wai tana lallashina. Uba ɗaya ya haife mu, abu yana jikinsa, ya tsallake ta ya faɗo kaina. Na zare hannuna na ce zafi nake ji.

Amma na samu abin da na je nema, kuma ban yi wasa da shi ba. Ko gida ban biya ba, na wuce sashen Goggo da mayafina. Tana zaune tana ɓarar gyaɗa. Na gaishe ta yadda ya kamata, har ƙasa, sannan na zayyana mata komai dalla-dalla, ban rage ko ɗaya ba. Na ce likita ta ce nonona lafiyarsa lau. Na ce ciwon a jini yake, rabi nawa, rabi na ɗanta. Na ce tunda iri ɗaya ne, ga dukkan alamu ni ta wurin Baba na samo, shi kuma ta wurin wadda ta haife shi.

Hannunta ya tsaya a cikin gyaɗar. “Ni? Ni ka da shi?”

“Haka likita ta ce, Goggo. Ke da Baba.”

“To tururuwar hwa? Kowa ya gani da idonshi.”

“Ko a kunu kika jefa ta mutuwa za ta yi.”

Na ji daɗin faɗin wannan, ba zan yi ƙarya ba, na daɗe ban ji daɗin magana irin haka ba. Goggo ta buɗe baki za ta kawo wata, sai ɗanta, wanda ban taɓa jin ya katse ta ba, ya ce daga bakin ƙofa, “Inna, ya isa. In an yi hutu za ta tahi ta ɗauko ɗiyarta.”

Na shirya kamar mai jiran amarya. Maigidana ya sayo katifa mai laushi, ya haɗa fanka mai sola saboda zafi yana tayar mata da bororo. Na wanke tsofaffin zannuwana har suka yi laɓa-laɓa. Na tanadi maganganun da zan faɗa wa ƙanwata in ta ce za ta hana, na jera su a raina tun daga Funtuwa har Dandume, kowace da amsarta.

Ba ta hana ba. Na tarar ta riga ta wanke kayan yarinyar ta ninke, ta ɗaure bandeji da basilin da allurai a ƙulli guda, idonta ya kumbura amma tana ta murmushi.

“Yaya, ɗiyarki ce. Dama aro aka ba ni.”

Na ji haushin wannan fiye da in ta zage ni. Na zo da faɗa cike da baki, ba wanda zan yi da shi.

Na yi kwanaki tana koya mani. Ni ke jiƙa bandeji, ni ke tsaga bororo, tana tsaye a kaina tana cewa a hankali, daga gefe, kada ki ja. Yarinyar tana bari in yi, amma idonta yana kan Mamanta, kuma ba ta amsa waƙar in ni na rera. An gaya mata za ta je Ƙanƙara hutu wurin Anti da Baba mai ɗinki, ta ce to, in dai da Mama. Ba wanda ya gyara mata.

Ranar tafiya mijin ƙanwata ya samo mana mota ta safe, ya kama mana gidan gaba don kada a matse ta, direba ya zo har ƙofar gida. Aka sa kaya a but. Ƙanwata ta rako mu zaure, ta tsuguna ta gyara mata hula, ta ce ta manta wani abu a ɗaki, ta juya ciki da sauri. Dabara ce muka shirya, in ta shige mu kuma mu shiga mota. Yarinyar tana tafe a gefena da 'yan takunta na taka-tsantsan har muka kai bakin mota. Sai ta waiwaya, ta ga zaure babu kowa, ta gane.

“Mama!”

Ta juya za ta ruga. Ga babur yana tahowa ta lungun. Na yi abin da kowace uwa ke yi in ɗanta zai faɗa hanya, na cafko tsintsiyar hannunta na riƙe gam. Ta fizga. Na ji abu ya zame a tafina kamar ɓawon dafaffen tumatir. Da na buɗe hannu, fatar wuyan hannunta tana manne a yatsuna.

Ƙarar da ta yi ta fito da duk gidan. Ƙanwata ta zo a guje ba ɗankwali, ta sa hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a wuya ta ɗauke ta, ba ta ko kalle ni ba. Na bi su ciki. Ta sa aka dawo da ƙullin daga mota, ta shimfiɗa zane, ta wanke wurin, ta shafa basilin, ta fara naɗewa tana waƙar nan tata. Ni ina tsaye a bakin ƙofa da hannuna a buɗe, na rasa inda zan goge shi, kuka ya ƙwace mani irin wanda ban yi ba ko ranar da aka karɓe ta.

Yarinyar ta yi shiru da nata kukan, tana ajiyar zuciya. Ta leƙo ta gefen kafaɗar ƙanwata ta dube ni, da tausayi sosai a fuskarta.

“Mama, ki ce ma Anti ta bar kuka,” ta ce. “Ba ta sani ba ne. Ai baƙi ba su sani ba.”

Ƙanwata ba ta ɗago ba, ta ci gaba da naɗi. Direba ya yi ta danna oda a waje, har na fita na ce ya sauke sauran kayan ya tafi. Ni da kaina na kwance su a ɗakin, riga-riga, kwalba-kwalba, amma sai da na riƙa tambayar ƙanwata inda ake ajiye kowanne.